Tattara Wasiƙun Sarakunan Da: Daga Gidan Wazirin Sakkwato Zuwa Ƙasar Wudil

1.0 GABATARWA

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu waiwayi tarihin tattara wasiƙun da sarakuna da shugabannin ƙasar nan na da suka aika, mu ga ko su wane ne suka tara su, da yadda suka tara su, da kuma abin da aikinsu bai kai gare shi ba. Za mu ɗauki ƙasar Kano ta zama madubinmu, musamman yankin Wudil, wanda yake kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, hatimi ko sa hannu kaɗai ba ya ba wasiƙar sarki darajarta a wajen mai nazarin tarihi, sai an san inda ta fito, da hannun da ta faɗa, da sauran takardun da aka ajiye ta tare da su. Wanda ya zare wasiƙa guda daga cikin gafaka don ƙawa ko don kuɗi, ya sami takarda, amma ya kashe shaida.

2.0 SIFFAR WASIƘAR SARKI A ƘARNI NA 19

Kafin mu shiga maganar tattarawa, ya kamata mu san abin da ake tattarawar. A ƙasashen Turai, idan aka ce ga wasiƙar shugaba, abin da mai tarawa yake fara dubawa shi ne sa hannu. A Daular Sakkwato kuwa al'adar dabam take. Sarki bai cika rubuta wasiƙa da hannunsa ba. Yakan faɗi abin da yake nufi, magatakarda ya zuba shi cikin Larabci, domin Larabci shi ne harshen mulki da shari'a. Abin da yake tsayawa a madadin sa hannu shi ne hatimi, wanda akan buga da tawada a wasiƙun Sarkin Musulmi da na Shehunan Barno da na waɗansu manyan sarakuna. Inda babu hatimi kuwa, hannun magatakarda da fuskar manzo su ne shaida.

Tsarin wasiƙar sananne ne. Akan buɗe da sunan Allah da salati, a ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa tare da laƙabobin da suka dace da matsayin kowannensu, a yi gaisuwa, sa'an nan a faɗi buƙata a taƙaice, a rufe da sallama. Wannan fanni ne da ake koyo kamar sauran fannoni. Alhaji Umaru Salga, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya kuma rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, tun yana saurayi a 1877 ya wallafa littafi mai suna Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, inda ya tsara samfurin wasiƙu iri-iri don amfanin masu rubutu.

Akwai abubuwa uku game da waɗannan takardu da ya wajaba mai tarawa ya riƙe. Na farko, mafi yawansu ba su da kwanan wata. Saboda haka ba a sanin lokacin da aka rubuta wasiƙa sai ta hanyar sunayen da ke cikinta da kuma gwada ta da 'yan'uwanta. Alal misali, wasiƙar da ta fito daga Sarkin Kano Alu zuwa ga Waziri Buhari, idan ta nuna Abdurrahman ne Sarkin Musulmi, to, ba za ta wuce tsakanin 1894 da 1902 ba. In an sami amsarta, ko wata da ta ambaci yaƙin da wannan take magana a kai, sai tazarar ta ƙara raguwa. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Na biyu, sau da yawa wasiƙa rabin saƙo ce. Abin da yake na asiri akan bar shi a bakin manzo, takarda kuwa ta zama shaidar cewa daga fada ya fito. Don haka sanin gidan da aka sami wasiƙa, da labarin da mutanen gidan suka gada game da ita, wani ɓangare ne na karanta ta.

Na uku, ita kanta takardar tana magana. Da yawa daga cikin takardun da aka yi rubutu a kansu a ƙarni na 19 daga masana'antun arewacin Italiya suka fito, suka biyo ta Tarabulus da Masar cikin ayarin raƙuma. A jikinsu akwai alamar jinjirin wata uku, wadda ba a ganinta sai an ɗaga takardar ga haske. Da irin wannan alama, da launin tawada, da salon rubutu, ake rarrabe tsohuwar wasiƙa da kwafen da aka yi daga baya.

3.0 MATAKAN TATTARAWA

Ba Turawa ne suka fara tunanin adana wasiƙu a ƙasar nan ba. Muhammadu Bello, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi, ya shigar da wasiƙun muhawarar da aka yi tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi na Barno cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Abin lura shi ne bai tsaya ga nasu ɓangaren kaɗai ba, ya kawo har da hujjar abokin gardamarsa. Da haka ne muke iya jin muryoyin biyu a yau. Wasiƙar da Bello ya ba Clapperton a 1824 don ya kai wa Sarki Joji na Huɗu na Ingila kuwa, ta bakin fassarar da aka buga a Landan a 1826 duniya ta san ta.

Babbar ma'ajiya ta ainihi ita ce gidan Wazirin Sakkwato. Tun daga Giɗaɗo ɗan Laima sarautar Waziri ta zauna a gida ɗaya, kuma ta hannun Waziri ne al'amuran Kano da Zazzau da waɗansu masarautun gabas suke isa ga Sarkin Musulmi. Saboda haka takardu suka yi ta taruwa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903, sun sami tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. A 1927 H. F. Backwell ya buga fassarar fiye da 100 daga cikinsu da Turanci a Ikko. Aikinsa ya yi amfani ƙwarai, sai dai sunan littafin da abin da ya fi mayar da hankali a kai duk sun karkata ga labarin zuwan Turawa da cin ƙasar. Irin wannan ta faru a yamma da mu tun kafin nan: a 1890 sojojin Faransa ƙarƙashin Archinard sun kwashe littattafai da wasiƙun fadar Ahmadu ɗan Alhaji Umarul Futi a Segu, suna nan a babban ɗakin karatu na Faris har yau. Takardun sun tsira, amma sun yi nisa da jikokin masu su.

Mataki na uku ya zo gab da samun mulkin kai. Bayan binciken da Kenneth Dike ya yi a kan halin da takardun gwamnati suke ciki, an kafa ofishin adana su a 1954, aka yi masa doka a 1957, ya kuma sami rassa a Badun da Inugu da Kaduna. A Jami'ar Badun W. E. N. Kensdale ya tsara jerin rubuce-rubucen Larabci tsakanin 1955 da 1958. A. D. H. Bivar, wanda ya yi aiki da hukumar kayan tarihi, ya buga nazari a 1959 a kan takardun mulki na Arewa da hatiman da ke kansu. A Zariya kuma Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci Shirin Binciken Tarihin Arewa, daga baya ya zama shugaban farko na Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970. Amma wanda ya fi cancantar yabo shi ne marigayi Waziri Junaidu, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997. Ya tsare gadon gidansu, ya kuma buɗe shi ga masu bincike. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, ya dogara ƙwarai a kan wannan taska da kuma bayanin Wazirin da kansa. A nan muna ganin hanya mafi kyau: takardu suna gidansu, mai gidan masani ne, baƙo yana zuwa ya karanta a gabansa.

4.0 DARASI DAGA WASIƘU BIYU

Wasiƙu biyu na shekarar 1902 sun isa su nuna abin da muke nufi.

Ta farko tana cikin waɗanda aka samu a gidan Waziri Buhari. A cikinta Sarkin Kano Alu yana ba Waziri shawarar cewa, ganin yadda Nasara suka kewaye ƙasar, bai ga abin da ya fi wa Musulmi ba illa su tashi gaba ɗaya su yi hijira. Mun san abin da ya biyo baya. Alu ya bar Kano zuwa Sakkwato a Janairu 1903, Turawa suka shiga birnin ran 3 ga Fabrairu ba ya nan, ya rabu da rundunarsa a hanyar komowa, aka kama shi, aka tsare shi a Yola sa'an nan a Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Wanda bai ga wasiƙar ba zai iya ɗauka gudu ne kawai na dare ɗaya. Wanda ya karanta ta a jere da na sauran sarakuna, irin su Lamiɗo Zubairu na Adamawa wanda aka ci garinsa a 1901, zai gane cewa maganar hijira shawara ce da manya suka daɗe suna juyawa, kuma ita ce hanyar da Sarkin Musulmi Attahiru ya bi har Burmi, inda aka kashe shi a Yuli 1903. Sanin wurin da aka sami takardar, da waɗanda aka same ta tare da su, shi ya ba ta wannan nauyi.

Ta biyu ita ce wadda Gwamna Lugga ya ce ta zo masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a watan Mayu 1902, wai tana cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja a wajen magabatansa na Landan cewa Sakkwato ce ta fara shelar gaba. To, amma abin da ke hannun masana fassarar Turanci ce kurum, ba a ga asalin Larabcin ba. D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin Turawa ne, ya tayar da shakka a kanta a littafinsa na 1964, kuma masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan ko an yi kuskuren fassara, ko an ƙara gishiri, ko kuwa haka take. Da asalin yana nan, da hatimi da tawada da hannun magatakarda sun raba gardama. Gani ya kori ji. Ga wasiƙar da aka rusa daula da sunanta, amma babu mai iya ɗaga ta ga haske.

5.0 WUDIL DA ABIN DA YA RAGE

Idan muka duba dukkan aikin da muka zayyana, za mu ga abin da aka fi tarawa, aka kuma fi nazari, shi ne takardun da suka hau sama: daga sarakuna zuwa Sakkwato, daga Razdan zuwa Kaduna. Waɗanda suka gangara ƙasa, daga Sarki zuwa ga hakimi da alƙali da dagaci da malami, su ne suka fi buƙatar a bi sawunsu, domin ba su taru a ɗaki ɗaya ba. Kowace tana gidan da aka aika da ita, in ta rayu. Wudil misali ce mai kyau saboda dalilai uku.

Dalili na farko shi ne matsayinta a sarautar Kano. Yankin mazaunin Joɓawa ne, waɗanda shugabansu Malam Bakatsine na Utai yana cikin jagororin jihadi a ƙasar Kano. Sarautar Makama ta zauna a gidansu, Makama yana cikin masu zaɓen Sarki, Wudil kuma ita ce mazaunin gundumarsa. Gida irin wannan bai rabu da saƙon fada ba tun farkon ƙarni na 19.

Dalili na biyu shi ne wurin da take. Wudil tana bakin kogi, a mashigin da hanyar gabas take ƙetarewa, tsakanin birni da Takai. A lokacin Basasa, bayan rasuwar Sarki Bello a 1893 da naɗin ɗansa Tukur bisa umurnin Sarkin Musulmi Abdurrahman, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu sun fita daga birni suka kafa sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Alu ya gaje shi, ya shiga Kano a shekarar, Tukur kuma ya rasa ransa a 1895. Yaƙi ne da aka yi da takobi da alƙalami duka: Sarkin Musulmi yana rubuta wa sarakuna su taimaki Tukur, Yusufawa suna neman goyon bayan maƙwabta irin su Haɗeja da Gumel. Ɓangaren Sakkwato na wannan musaya ya shiga hannun masana irin su Adamu Fika, wanda littafinsa a kan Basasa ya fito a 1978. Garuruwan da rundunoni suka bi ta cikinsu, waɗanda kowane ɓangare yake neman mubaya'arsu, nan ne ya kamata a nemi sauran.

Dalili na uku shi ne sauyin da Turawa suka kawo. Kafin zuwansu hakimai a birni suke zaune, jakadu ne suke kai da kawowa tsakaninsu da garuruwansu, galibi da saƙon baka. Wajen 1908, a zamanin Sarki Abbas, aka haɗa garuruwa gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a can. Daga nan umurnin Sarki ya koma bin takarda, da Larabci ko ajami da fari, daga baya da boko. Tun daga Abbas, da Usman, da Abdullahi Bayero wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya kawo ƙarshen En'e, al'amuran haraji da jangali da naɗin dagatai da rikicin gona da annobar shanu da fara duk ta wannan hanya suke bi. A ƙasar da ke da babbar kasuwar shanu irin Kara ta Wudil, mai ci ran Juma'a, takardun jangali kaɗai tarihi ne na arzikin jama'a. Wanda yake shakkar amfanin irin waɗannan rubuce-rubuce na yau da kullum, ya dubi abin da Allan Christelow ya fitar a 1994 daga kundin majalisar shari'a ta Sarki Abbas na 1913 da 1914, inda muryar manomi da ta bawa mai neman 'yanci da ta mace mai neman gadonta suka fito fili.

Abokan gaban waɗannan takardu sanannu ne: gara, da ɓera, da laimar damina, da gobara. Akwai kuma rabon gado, wanda yakan raba gafaka ɗaya gida uku ko huɗu. Har ila yau, saboda girmama sunan Allah da ke kansu, mai gida yakan ƙone tsofaffin takardu ko ya binne su don kada a taka, da kyakkyawar niyya. Mafi tsanani duka shi ne rasuwar dattawan da suka san wane ne ya kawo takarda kaza, a kan me kuma.

6.0 WASIƘUN SHUGABANNIN ZAMANI

Abin da muka faɗa game da sarakuna ya shafi shugabannin da suka yi mulki bayan 1960, irin su Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Janar Murtala Muhammed, da Alhaji Shehu Shagari. A nan sa hannu ya maye gurbin hatimi, kwanan wata kuma ya zama ƙa'ida. Sai dai dole a rarrabe iri biyu. Wasiƙar ofis akan buga ta da tafireta, a bar kwafe a fayil, don haka in ɗaya ya ɓata ana iya samun ɗayan. Wasiƙar zumunci kuwa, wadda shugaba ya rubuta wa tsohon malaminsa ko abokin karatunsa ko wani hakimi don ta'aziyya ko godiya ko ban haƙuri, guda ɗaya ce tak a duniya, kuma a cikinta ne halin mutum yake bayyana. Harin da aka kai gidan Sardauna ran 15 ga Janairu, 1966, inda wuta ta ci wani sashe na gidan, ya isa ya nuna cewa ajiyar mai aikawa ba abin dogara ba ce. Abin da ke hannun waɗanda aka aika wa shi ne madogara ta biyu.

Daɗin daɗawa, tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, rubuta wasiƙa da hannu ya ja baya ƙwarai. Ke nan abin da ke akwai ba ƙaruwa zai yi ba. A Landan da Niyok kuwa akwai gidajen gwanjo da suke sayar da wasiƙun shugabanni ga masu tarawa don sha'awa. Wannan ciniki yana da illa biyu: yana warware tarin da ya kamata ya zauna tare, yana kuma buɗe ƙofa ga masu yin jabu, domin duk abin da ya yi tsada sai an kwaikwaye shi. A Amurka, rikicin da aka yi a kan takardu da kaset-kaset na Shugaba Nixon bayan saukarsa a 1974 shi ya jawo dokar 1978 da ta mayar da takardun aikin shugaban ƙasa mallakar jama'a. Amma ko a can, wasiƙar da ke akwatin wani talaka ba doka ce take tsare ta ba, sanin darajarta ne.

7.0 KAMMALAWA

Bisa ga abin da ya gabata, muna gabatar wa mahalarta wannan taro shawarwari huɗu.

(a) A fara da ƙidaya kafin karɓa. A bi gidajen sarauta da na alƙalai da limamai da tsofaffin ma'aikatan En'e a Wudil da Utai da Garko da kewaye, da izinin Masarauta da yardar masu gida, a rubuta abin da ke akwai.

(b) A ɗauki hoton kowace takarda ciki da baya, tare da hatimi da alamar da ke jikinta, a jeren da aka same ta, sa'an nan a mayar wa mai ita da abarsa tare da kwafe. Mutanenmu sun ga yadda aron takarda yake zama kyauta, kuma ba za su buɗe adaka ga wanda suke zaton zai tafi da ita ba.

(c) A ɗauki bayanin dattawan gidan a kan kowace wasiƙa a rana ɗaya da hoton, domin shi ne abin da ya rage na saƙon da manzo ya riƙe a bakinsa. Abin da iyali suka ce sirrinsu ne, a kiyaye shi.

(d) A ajiye kwafe a wurare fiye da ɗaya. Ƙone dubban rubuce-rubuce da aka yi a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a Janairu 2013 gargaɗi ne ga kowa. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, da Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Gidan Arewa, kowannensu yana da abin da zai bayar: wani na'ura, wani masu karanta Larabci da ajami, wani ɗakin ajiya.

Magabatanmu a wannan fage sun tsare mana abin da sarakuna suka faɗa wa Sakkwato. Aikin da ya rage a wuyanmu shi ne mu nemo abin da suka faɗa wa ƙasarsu, tun masu iya nuna mana gafakar suna da rai.